GYARA KAYANKA: INA AKA KAI "GA" A KWANAN WATANMU?



Ɗan'uwa, kafin mu shiga darasin yau, karanta mini wannan da bakinka: 03/04/2024.

Me ka ce? Na san amsarka, "uku ga watan huɗu". Haka ni ma zan ce, haka duk wanda ya yi boko a Kano ko Zariya ko Maraɗi zai ce. Haka ƙanwata ta ce, ranar da ta ciro takardar kiran tantancewa daga shafin wata makaranta, ta ga an buga mata waɗannan lambobi. Ta lissafa, ta ga 3 ga Afirilu Laraba ce, cikin goman ƙarshe na Azumi, ta yi shirinta. Da ta je, sai aka ce ai an gama tantancewa tun Litinin, 4 ga Maris, wata guda ke nan. Ta nuna takarda, ma'aikacin ya duba ya ce, "To Hajiya, kwamfuta ce ta buga haka."

Wannan jimla, "kwamfuta ce ta buga haka", ita nake so mu yi wa fiɗa yau. Kwamfuta ba ta da ra'ayi a kan ko rana za ta gabaci wata ko wata zai gabaci rana. Mutum ne ya zaɓa mata, ko kuma ya ƙi zaɓa ya bar ta a kan tsarin da ta zo da shi daga Amurka. Kuma abin da zai ba ka mamaki, da an rubuta kwanan watan nan yadda Bahaushe ke faɗarsa, da babu wanda zai yi asarar tafiya.

RUMBU DABAN, TABURMA DABAN

Bari mu fara fahimtar yadda abin yake. Duk wata manhaja da ke riƙe da sunanka da ranar haihuwarka, ta banki ce, ta makaranta ce, ta asibiti ce, tana da rumbun bayanai a bayanta. Sanannun rumbunan su ne irin su MySQL da PostgreSQL da Oracle da SQL Server da Microsoft Access. A cikin rumbun, idan an yi aiki daidai, kwanan wata ba ya da yare. Lamba ce kawai ko 'yan lambobi a dunƙule. Ko Excel da ake amfani da shi a ofisoshinmu, idan ka rubuta 4 ga Maris na 2024, abin da yake ajiyewa a cikinsa shi ne 45355, wato ƙirgen kwanaki tun daga farkon shekarar 1900. Sai an zo nunawa a allo ko a takarda ne ake sa wa lambar tufafi.

Ka ɗauka hatsi ne a rumbu. Yana nan a matsayin hatsi, sai an ɗebo sannan uwargida ta ga ko tuwo za a yi ko fura, gwargwadon wanda za a kai wa. To haka nan kwanan wata. Ajiya aikin injiniya ne, amma nunawa magana ce ake yi wa mutum, kuma duk inda aka ce magana, nahawu yana da bakin cewa wani abu. Shi ya sa wannan batu ya shafe mu.

Kowane rumbu yana da umarnin da ake ba shi don ya tsara abin da zai nuna. MySQL yana da DATE_FORMAT, PostgreSQL da Oracle suna da TO_CHAR, SQL Server kuma yana da CONVERT. A SQL Server, idan mai manhaja ya sa lambar salo 101, sai a fito da tsarin Amurka, wata kafin rana. Idan ya sa 103, sai a fito da tsarin Ingila da Faransa, rana kafin wata. Ka gani? Tsakanin 101 da 103 ƙanwata ta rasa tantancewa.

KUSKURE NA ƊAYA: LAMBOBI ZALLA

Najeriya da Ghana sun gaji tsarin Ingila, Nijar da Chadi sun gaji na Faransa, kuma duka biyun rana suke gabatarwa. Amurkawa kuwa wata suke gabatarwa, shi ya sa suke kiran harin 11 ga Satumba, 2001 da "9/11", alhali mu da mu ne za mu rubuta, 11/9 za mu sa. Tun da wasu daga cikin waɗannan rumbuna da tsarin Amurka suke zuwa, duk mai manhajar da ya yi aiki da su bai taɓa komai ba, ya zaɓa wa jama'arsa tsarin Amurka ke nan bai sani ba.

Gwada da ranakun da ka sani. 01/10/1960, ranar 'yancin Najeriya, Ba'amurke zai karanta ta 10 ga Janairu. 03/08/1960, ranar 'yancin Nijar, ta koma 8 ga Maris. 06/03/1957 ta Ghana ta koma 3 ga Yuni.

Kada ka ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Yi lissafi. Kowane wata yana da kwana 12 na farko da lambarsu za ta iya zama lambar wata. 12 sau 12, 144 ke nan. Cire ranaku 12 da rana da wata suka zo iri ɗaya, kamar 05/05, saura 132. Kwana 132 a kowace shekara, fiye da sulusinta, lambobi zalla suna da fuska biyu.

Abin haushin ma, kuskuren ba ya ihu. Ɗauki Microsoft Access. Idan aka rubuta masa kwanan wata a cikin umarni, a matsayin na Amurka yake karantawa. Ka ba shi 03/04/2024, ya ajiye 4 ga Maris. Amma ka ba shi 13/04/2024, sai ya ga babu wata na 13, ya juya da kansa ya ajiye 13 ga Afirilu daidai. Wato mai manhaja zai iya gwada aikinsa ranar 20 ga wata, ya ga komai lafiya lau, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Sai wata ya kama, daga 1 zuwa 12, rumbu ya dinga juya ranaku shiru, babu mai labari.

Sai kuma masu datse shekara su bar lamba biyu, 03/04/24. MySQL yana da ƙa'idarsa a nan: daga 70 zuwa 99 ya ɗauke su shekarun 1900, daga 00 zuwa 69 ya ɗauke su shekarun 2000. To dattijon da aka haifa a 1955, akawu ya rubuta masa 55, a wurin rumbu 2055 za a haife shi. Ga shi a tsaye da furfura yana neman fanshonsa, kwamfuta ta ce bai zo duniya ba tukuna!

KUSKURE NA BIYU: "MARIS 4, 2024"

To, wasu sun gane matsalar lambobi, sai suka ce a sa sunan wata da Hausa. Madalla. Amma sai suka ɗauko jimlar Ba'amurke yadda take, suka cire sunan watan Turanci suka dasa na Hausa: Maris 4, 2024.

Ɗalibi, tuna darasinmu na ƙirgau. A Hausa, lamba idan ta biyo bayan suna, adadi take nunawa. Kwana 4, wata 4, shekara 4, akuya 4. Saboda haka "Maris 4" a kunnen Bahaushe, Maris huɗu ne, wato watan Maris har guda huɗu. Ka taɓa jin wani ya ce "an ɗaura auren Maris huɗu"? Ai sai a tambaye shi, su wane ne Maris ɗin?

Akwai ma masu ƙara gishiri. MySQL yana da alamar %D wadda ke liƙa wa lamba wutsiyar Turanci, sai ka ga an buga "4th Maris". Wasu masu fassara kuma da suka ga wutsiyar, sai suka juya ta zuwa "na huɗu". Hausa ba ta ƙirga kwanan wata da "na". Ɗaya ga wata muke cewa, biyu ga wata, ashirin da tara ga wata.

KUSKURE NA UKU: "4 MARIS, 2024"

Wannan shi ya fi yawa, kuma shi ya fi yaudara, don ya yi kama da daidai. Rana ta gabata, sunan wata na Hausa ne, babban baƙi yana wurinsa, waƙafi ma an sa. Idan ka mayar da wayarka ko wata manhaja zuwa Hausa, galibi irin wannan za ka gani. Amma karanta shi da baki: "huɗu Maris". Bakinka ya yarda? Wallahi sai ka ji harshenka ya saka "ga" da kansa, ko da ba a rubuta ba.

Wannan 'yar kalma aiki take yi. Ita ce ke ɗaure lambar a jikin watan, ta mayar da ita daga adadi zuwa matsayi. "Kwana huɗu" tsawon lokaci ne, "huɗu ga wata" kuwa wuri ne a cikin watan. Idan ka cire ta, ka bar lamba a tsaye gaban suna ba tare da igiya ba, kuma Hausa ba ta yin haka. Ba ma cewa "huɗu akuya", don me za mu ce "huɗu Maris"?

Na san abin da wani zai ce: ai kwamfuta ba ta iya sa irin waɗannan ƙananan kalmomi. Ba gaskiya ba ne. Akwai wata taska ta ƙungiyar Unicode mai suna CLDR, wadda yawancin wayoyi da manhajoji ke ɗauko sunayen watanni da tsarin kwanan wata na harsuna daga cikinta, kuma Hausa tana ciki, ta Najeriya da ta Nijar da ta Ghana. A wannan taska, tsarin Sifaniyanci yana riƙe da "de" ɗinsa har guda biyu, sai a buga "4 de marzo de 2024". Fotugisanci ma haka. Idan na'ura ta iya ɗaukar "de" sau biyu, "ga" guda ɗaya ba za ta karya mata baya ba. A tsarin CLDR, rubuta d 'ga' MMMM, y kawai za a yi. A PostgreSQL kuwa, sai a saka "ga" tsakanin alamomin zance a cikin TO_CHAR, ya fito da ita yadda take. Baƙi ɗaya da wasali ɗaya, aikin da bai kai minti guda ba.

Daidai shi ne: 4 ga Maris, 2024. Ko kuma: Litinin, 4 ga watan Maris, 2024. Lura da abin da wannan tsari ya yi. Sunan wata ya kashe ruɗanin Amurka da Ingila, cikakkiyar shekara ta ceci dattijon fansho, sunan rana kuma ya zama shaida, don idan an yi kuskure a lamba, mai karatu zai ga ranar ba ta dace ba. Da an rubuta wa ƙanwata "Litinin", da ta duba kalanda ta ga 3 ga Afirilu ba Litinin ba ce.

KUSKURE NA HUƊU: DATSE SUNAYE BA TUNANI

Allon waya ƙarami ne, dole wani lokaci a taƙaita. Ban ƙi ba. Amma al'adar ɗaukar haruffa uku na farko, don Turanci aka yi ta, kuma sai an duba kafin a ɗora wa Hausa. Satumba ta zama "Sat", wanda duk ɗan boko zai fara karanta shi a matsayin Asabar ta Turanci. Lahadi da Laraba sun zama "Lah" da "Lar", Yuni da Yuli sun zama "Yun" da "Yul", harafi ɗaya tal ya raba su, ga rasit na injin POS da tawadarsa ke dushewa cikin mako guda.

Idan aka zo kalandar da ke sa harafi ɗaya a kan kowace rana kuwa, sai dariya: L, L, T, L, A, J, A. Lahadi, Litinin da Laraba duk L, Alhamis da Asabar duk A. Cikin rana bakwai, biyu kawai suka tsira da sunansu. Shawarata, duk takardar da mutum zai riƙe ya yi tafiya a kanta, ta ganin likita, ta zaman kotu, ta jarrabawa, ta ƙarewar wa'adin magani, kada a datse mata komai.

KUSKURE NA BIYAR: ZUBA HAUSAR A CIKIN RUMBU

Nan kuma kan 'yan gidanmu zan juyo, masu kishin harshe. Wani saboda son Hausa, sai ya ajiye kwanan watan a rumbu a matsayin rubutu, "4 ga Maris, 2024". Niyya mai kyau, aiki marar kyau. Ka dama furar tun a rumbu, gobe ka ce tuwo kake so.

Ka ce wa rumbun ya jera maka watanni, zai jera su bisa abacada: Afirilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu, Maris, Mayu, Nuwamba, Oktoba, Satumba, Yuli, Yuni. Shekara ta fara da Afirilu ta ƙare da Yuni. Ka ce ya ware maka waɗanda suka haura shekara 18, ba zai iya ba, don ba a yin lissafi da jimla. Ga kuma bambancin rubutu: wannan akawu ya rubuta Fabrairu, wancan Faburairu, wani Afrilu, wani Afirilu, wani Juma'a, wani Jumma'a. Mu mun san abu ɗaya ne, amma a wurin na'ura kalmomi ne daban-daban.

Har ila yau akwai tarkon alhamza. A harshen SQL, alamar nan da muke sa wa a Jumma'a da Sha'aban, ita ce ke buɗe rubutu ta rufe shi. Idan aka rubuta 'Jumma'a' kai tsaye cikin umarni, rumbu zai ɗauka maganar ta ƙare a "Jumma", ragowar ta zama shirme, ya ƙi aiki. Maganinsa a ninka alamar, 'Jumma''a', ko a miƙa kalmar ta hanyar da aka tanada don shigar da bayanai. Amma malalacin mai manhaja sai ya goge alhamzar ya huta, ya bar mu da "Jummaa". Yawancin "Jummaa" da "Shaaban" da kake gani a fom, ba rashin sanin ƙa'idar rubutu kaɗai ya haife su ba, har da gudun wannan ɗan aiki.

Ƙa'idar dai ita ce, a ajiye kwanan wata a gurbin da aka yi don kwanan wata. Idan za a tura shi daga wata na'ura zuwa wata, a yi amfani da tsarin ISO 8601, wanda aka fara fitarwa a 1988: shekara, wata, rana, wato 2024-03-04. Wannan na na'urori ne. Sai an zo gaban mutum sannan a yi masa Hausa.

WATA BIYU, AGOGO BIYU

Bahaushe da kalanda biyu yake rayuwa, kuma a nan ma rumbu yana buƙatar linzami. SQL Server yana iya nuna kwanan watan Hijira da salo na 130 da 131, amma da lissafi yake fitar da shi, bisa wani tsari da ake dangantawa da Kuwait. A Najeriya kuwa, sanarwar Sarkin Musulmi ake jira bayan ganin wata. Lissafi da gani suna iya saɓawa da kwana ɗaya, wani lokaci ma fiye. Saboda haka manhajar da za ta buga "1 ga Ramadan" ba tare da ta bar ƙofar gyara ba, ta yi wa mutane shisshigi.

Sannan ka tuna, a Hausarmu ta gado dare ne ke gabatar rana. "Daren Jumma'a" shi ne daren da ke biyo bayan yinin Alhamis, wanda idan gari ya waye Jumma'a ce. Rumbu kuwa sai ƙarfe 12 na dare yake juya rana. Idan manhaja ta ga Jumma'a ƙarfe 9 na dare, ta haɗa kalmomin ta buga "daren Jumma'a", dattijo zai zo tun daren Alhamis. Gara a rubuta "Jumma'a da dare, ƙarfe 9".

Na ƙarshe, agogo. Masu sauraron rediyo sun saba jin "agogon GMT" da "agogon Najeriya da Nijar", kuma sun san awa ɗaya ce tsakani. Rumbuna da yawa da agogon GMT suke ajiye lokaci. Jaririn da aka haifa a Kano ƙarfe 12 da rabi na dare, 1 ga Janairu, idan aka manta ba a mayar da lokacin zuwa namu ba, takardarsa za ta nuna 31 ga Disamba, har shekara ta canza. Ɗan'uwanmu mai manhaja a Kumasi ba zai taɓa ganin wannan matsala ba, tun da agogon Ghana daidai yake da GMT. Na Kano da na Damagaram kuwa dole su kula.

A YI MUSU ADALCI

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Masu manhajarmu suna da uzuri. MySQL yana da jerin harsunan da yake iya faɗar sunayen watanni da su, akwai Larabci, akwai Faransanci, amma babu Hausa. Kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa koya musu cewa wannan ɗan layi na kwanan wata jimla ce mai nahawu. Amma sunaye 12 ne na watanni, bakwai na ranaku. Wanda ya iya gina manhajar biyan kuɗin makaranta, ba zai kasa rubuta kalmomi 19 da "ga" guda ɗaya ba. Mu kuma masu nazarin harshe muna da namu kason laifin. CLDR tana karɓar gyara daga masu harshe, kuma Sifaniyawa ba su samu "de" ɗinsu don an fi son su ba, mutanensu ne suka tsaya a kai.

To ga aikin gida, ɗan'uwa, ke ma 'yar'uwa. Ɗauko takardu uku da na'ura ta buga maka, rasit ne, katin asibiti ne, sakamakon jarrabawa ne. Duba kwanan watan kowace, ka tambayi kanka: da baƙo zai karanta wannan, rana nawa zai iya fahimta? Idan amsar ta wuce ɗaya, sake rubuta shi da cikakkiyar Hausa a bayan takardar. Idan kuma an ba ka takardar kira da lambobi zalla, kuma lambobin farko biyun duka ba su wuce 12 ba, kada ka bar wurin sai ka tambaya: "Ranka ya daɗe, nawa ga wane wata?"

Ƙanwata kam ta koyi darasin da tsada, sai da ta jira zagaye na gaba. Yanzu ko gayyatar biki aka turo mata da lambobi, sai ta kira ta ji da kunnenta.

Sai mun haɗu a darasi na gaba. A huta lafiya.